Sallama kafin tambaya: tarihin masu bincike da waɗanda aka bincika a ƙasar Damagaram

A ƙasar Hausa ba a faɗa wa gidan mutum kai tsaye. Baƙo yakan tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, a amsa masa, a shiga ciki a nemo masa iso. In mai gida ya ga dama ya fito, in kuwa bai ga dama ba sai a ce ba ya kusa, kuma ba wanda zai ce an yi laifi. Wannan ladabi da kowane yaro ya tashi ya tarar, shi ne jami'o'in duniya suka mayar doka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, suka ce kada ɗalibi ya fita yi wa mutane tambayoyi, ko ya gwada wani abu a jikinsu, sai wani kwamiti ya duba aikin ya tabbata ba za a cuci kowa ba, sa'an nan kuma sai shi wanda za a tambaya ya yarda.

Kowace shekara ɗalibai na fita unguwannin Birni da Zango, da ƙauyukan Mirriya da Magariya da Matamai, riƙe da takardar tambayoyi da wayar salula, suna neman abin da za su cika kundin kammala karatu. Malaman lise da na kwaleji su ma sukan tura yara su je su tambayi tsofaffi tarihin unguwa ko na sana'a. Aiki ne mai kyau, domin an ce matambayi ba ya ɓata. To amma shi wanda aka tambaya fa, yana iya ɓata? Damagaram ta fi shekara 170 tana karɓar masu alƙalami da littafi, saboda haka tarihinta yana da abin faɗa a kan wannan batu.

Izinin fada

Baturen farko da ya zauna a birnin Damagaram ya rubuta abin da ya gani shi ne James Richardson, ɗan Ingila, wanda ya iso a watan Janairu na 1851, zamanin Sarki Ibrahim. Ya rubuta labarin kasuwa da na fada, da yadda ake hukunci, da yadda ake kai hari a kamo bayi. Bai kai ga komawa gida ba, ya rasu a watan Maris na shekarar a kan hanyar Kukawa, aka buga littafinsa a 1853. Abokin tafiyarsa Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a garin a ƙarshen Disamba na 1852, ya yi wajen wata guda yana shirin tafiyarsa ta Tambutu.

Waɗannan mutane ba su shigo ba sai da izini. A lokacin Damagaram na ƙarƙashin inuwar Barno, kuma baƙon da Shehun Barno ya karɓa yana da wakilinsa a gari da zai sauke shi, ya kai shi fada, a yi gaisuwa, a miƙa kyauta. Sai dai izinin nan yarjejeniya ce tsakanin manya. Yana kare baƙo daga ɓarayi, yana kuma ba sarki damar sa ido a kan baƙo. Bawan da aka ƙirga a kasuwa da matar da aka siffanta a littafi ba su cikin lissafin, ba su ma san an rubuta su ba.

Fada ta san cewa tambayar baƙo ba ta rasa dalili. A watan Afrilu na 1898 kyaftin Cazemajou na Faransa ya iso da ƴan rakiyarsa, aka sauke shi, aka karrama shi. Da zargi ya yi ƙarfi cewa niyyarsa ita ce ya wuce gabas ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya ci Barno, sai aka kashe shi tare da tafintansa Olive ranar 5 ga Mayu, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara guda bayan haka, a ƙarshen Yuli na 1899, sojojin Faransa suka ci nasara a Tirmini, suka shiga birni. Daga ranar nan izini ya bar hannun fada ya koma hannun kumandan.

Yaron Dambanas

Kafin a shiga zamanin mulkin mallaka ya kamata a tsaya a kan mutum guda, domin labarinsa ya tattara kusan dukkan matsalolin da kwamitocin yau suke dubawa. Dorugu ɗan Dambanas ne, wani ƙauye kusa da Kance, kuma an haife shi wajen 1840. An kama shi a wani hari yana yaro, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa, inda wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 sai Barth ya ɗauke shi tare da wani yaron mai suna Abbega. Dorugu ya bi Barth har Tambutu, ya dawo, ya ƙetare Sahara, ya isa Ingila a 1855 yana ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida.

A can ne wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, James Frederick Schön, ya same shi. Barth ya so ya mayar da yaran gida, Schön ya so su zauna, har abin ya zama rigima tsakanin Turawan biyu, daga ƙarshe yaran suka zauna. Dorugu ya yi ta faɗa Schön na rubutawa: tarihin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da kalmomi. Wannan taska ta shiga cikin littafin nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Schön ya sami lambar yabo ta Volney a Faransa, jami'ar Okusfod kuma ta ba shi digirin girmamawa. Shi kuwa Dorugu ya dawo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Adalci shi ne a faɗi cewa Schön bai ɓoye sunan Dorugu ba, kuma ba don wannan aiki ba da muryar wani yaron Damagaram na ƙarni na 19 ta ɓace kamar yadda ta dubbai irinsa ta ɓace. Duk da haka, yaron da aka raba da iyayensa, yana ƙasar da bai san kowa ba, ci da sha da suturarsa na hannun mai tambayarsa, da wane baki zai ce ba ya so? Kuma sai a 1971, lokacin da Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin suka sake buga shi, masu karatu da yawa suka fara kallon Dorugu a matsayin mai labari, bayan an daɗe ana ɗaukarsa ɗan aikin Bature kawai. Ƙuruciya, da dogaro ga mai bincike, da rabon suna da amfani: abubuwan da ake tambayar ɗalibi ke nan a yau kafin a sa masa hannu.

Tambaya a gaban bindiga

A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makircin tawaye. Aka kama shi tare da wasu manyan gari, har da attajirin nan Malam Yaro, aka tuɓe sarkin aka kai shi Kodibuwa, aka ɗora Ballama, wani bawan fada, a kan gari. Sarautar gidan ba ta dawo ba sai a 1923.

A daidai wannan lokaci ne, tsakanin 1906 da 1909, tawagar kyaftin Tilho ta bi ƙasar tana shata iyaka tsakanin mulkin Faransa da na Ingila, daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Cikinta akwai wani hafsa tafinta mai suna Landeroin, wanda ya iya Larabci da Hausa, ya zauna da fadawa da malamai ya tattara tarihin sarakunan Damagaram da na maƙwabtanta. An buga aikin a Faris a 1911, kuma har gobe duk mai rubutu a kan tarihin ƙasar sai ya leƙa shi. Sai dai mai karatu ya tuna halin da aka yi hirar a ciki. Bafaden da ya ga an tafi da ubangidansa jiya, yau kuma ga soja da littafi yana tambayarsa wa ya gaji wa, kuma wane gari ke bin wane, ya san amsarsa tana iya naɗa wani ko ta tuɓe wani. Zai faɗi abin da zai tsirar da shi da gidansa. Nan ne ake gane cewa tilas tana cutar wanda aka tambaya, tana kuma gurɓata ilimin da aka samo.

Talakawa su ma sun koyi nasu darasin. Damagaram ce babban birnin mulkin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai, kuma a shekarun nan duk lokacin da aka zo da takarda ana tambayar yawan mutanen gida da na dabbobi, abin da ke biyo baya shi ne haraji, ko ɗibar soja, ko aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Mutane suka saba rage ƴaƴa da awaki a gaban mai rubutu. Ɗalibin da ya ga tsohuwa ta tsuke baki da ganin alƙalami kada ya ce duhun kai ne. Gado ne, kuma akwai dalilinsa.

Ɗalibi a matsayin mai bincike

Binciken ɗalibai da kansa yana da tsohon tarihi a yankin. Daga 1933 makarantar horar da malamai ta William Ponty da ke Senegal, inda ƴan Nijar irin su Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu, ta fara ɗora wa ɗalibanta aikin hutu: kowa ya koma garinsu ya rubuto bayani a kan aure, ko abinci, ko maganin gargajiya, ko wasannin yara, ko abubuwan da mutane suka yi imani da su. Ɗaruruwan waɗannan littattafai suna ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin kundin abubuwan tarihi na duniya da ya wajaba a adana.

Dabarar masu mulki a fili take. Abin da za a ɓoye wa kumandan ba za a ɓoye wa ɗan gida ba. Kaka za ta gaya wa jikanta sirrin saiwar da take jiƙawa, alhali ba ta san zancen zai ƙetare ƙasashe ya kwanta a hannun hukuma ba. Shi kuma ɗalibin yana tsaka mai wuya, domin da wannan aiki za a auna shi, ga kuma malaman da suke jiran ya nuna ya waye ya bar al'adun iyayensa a baya. Wannan matsala ba ta tafi tare da Turawa ba. Har yanzu kusancin da ke buɗe wa ɗalibi ƙofa shi ne ke hana a tambaye shi inda zai kai maganar, kuma buƙatar maki tana iya sa shi ya manta da amana.

Bayan ƴancin kai

Da aka sami mulkin kai a 1960, tattara tarihin baka ya zama aikin kishin ƙasa. Boubou Hama ya tsaya tsayin daka a kansa. A 1968 aka buɗe a Yamai, da taimakon UNESCO, cibiyar adana adabin baka wadda ta zama CELHTO a 1974, a shekarar da tsohuwar cibiyar bincike ta ƙasa ta koma IRSH. A Damagaram, André Salifou, ɗan garin da aka haifa a 1942, ya fitar da littafinsa a kan daular a ƙarni na 19 a shekarar 1971. Roberta Dunbar ta kammala kundin digirinta na dakta a kan tarihin Damagaram a Amurka a 1970, Stephen Baier kuma ya buga tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a 1980. Dukkansu sun zauna da dattawa, sun sha daga bakinsu.

A wannan zamani an sami ci gaba babba. Ya zama al'ada mai bincike ya jera sunayen waɗanda suka ba shi labari, da shekarunsu, da ranar da aka yi hira, kamar yadda malaman zaure ke ambaton wanda suka ɗauko karatu a wurinsa. Ga dattijon da ya ba da tarihin yaƙe-yaƙen Tanimun ko ginin ganuwar birni, ambaton sunansa girmamawa ce. Amma akwai zancen da ambaton suna a kansa tonon asiri ne. Daular da ta yi arziki da hari da fataucin bayi ta bar zuriyoyi da suke zaune lafiya da juna bisa sharaɗin ba a tayar da maganar asali. Nijar ta sa hukuncin bauta cikin dokar laifuka a 2003, sai dai doka ba ta hana a fasa aure saboda wata magana da aka tsinta a takarda. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga.

Dokar ta shigo ta ƙofar asibiti

Rubutattun ƙa'idojin da ake bi yau daga fannin likita suka fito, kuma kowace an rubuta ta ne bayan wata ɓarna. A 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a jikin fursunoni, kotun Nuremberg ta shimfiɗa sharuɗɗa goma, na farkonsu shi ne yardar mutum ba tare da tilas ba. A 1964 ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar da sanarwar Helsinki, wadda gyaranta na 1975 ya kawo sharaɗin kwamiti mai zaman kansa da zai duba aiki kafin a fara. A Amurka an gano a 1972 cewa hukumar lafiya ta shafe shekara 40 a Tuskegee tana kallon ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere ba tare da yi musu magani ba, don kawai a ga yadda cutar ke ci. Abin kunyar nan ne ya haifar da rahoton Belmont na 1979, mai tushe uku: mutunta ɗan Adam, da neman alherinsa, da adalci wajen zaɓen wanda zai ɗauki nauyin gwaji. Daga nan ƙa'idojin suka bazu zuwa fannonin nazarin al'umma da ilimi.

Darasin da ya fi kusa da Damagaram a Kano ya faru. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, aka ba kimanin rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba su san gwaji ake yi ba. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba. Asarar da ta fi kuɗi ita ce ta yarda: lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake ƙetara iyakoki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya rage ga malamai

An kafa jami'ar Damagaram a 2010, daga baya aka sa mata sunan André Salifou. Nijar tana da kwamitin ƙasa mai duba binciken da ya shafi lafiya, kuma a 2017 ta kafa dokar kare bayanan da suka shafi mutum. Amma yawancin binciken ɗalibai, na tarihi da harshe da zamantakewa, a gaban malamin da ke kula da aikin yake fara tsayawa, saboda haka nauyin yana wuyansa.

Tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa izini hawa-hawa ne. Akwai takardar makaranta da ta hukuma, akwai gaisuwar mai unguwa ko mai gari, akwai sallamar mai gida. Duka suna da muhimmanci, amma ko ɗaya ba ta maye gurbin yardar shi wanda za a tambaya. Mai gari ya yarda ba ya nufin talakansa ya yarda, haka nan izinin miji bai ɗauke wa ɗalibi tambayar matar kanta ba. In yaro ne, ko ɗan lakwal ko almajiri, sai an nemi iyayensa ko malaminsa, sa'an nan shi ma a ji ta bakinsa. Malamin da ke rarraba wa ɗaliban ajinsa takardar tambayoyi don nasa kundin ya tuna da Dorugu, domin wanda makinsa ke hannunka ba ya iya ce maka a'a sai ka buɗe masa hanyar faɗin haka.

Bayani kuwa da harshen mutum ake yinsa. Takardar Faransanci da aka dangwala wa yatsa ba ta nuna an fahimta, kuma tsohon da ya gaji tsoron takarda yana iya fi sakin jiki da yardar baki a gaban shaidu, a ɗauke ta a waya in ya amince. A gaya masa ko wane ne mai tambaya, da inda maganar za ta je, da cewa yana iya tsayawa a duk inda ya so. A tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa ko a sakaya. Muryar da aka ɗauka da hoton da aka yi amana ce, ba a tura su WhatsApp don nishaɗin abokai. In zance ya biyo ta kan asali, ko ciwo, ko rikicin gona da na sarauta, ɗalibi ya koma ga malaminsa kafin ya rubuta, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ƙungiyoyin al'adu suna da rawar da za su taka a nan. Suna iya tsara gajeren bayanin neman yarda cikin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, su raba wa makarantu. Suna iya zama wurin da ake ajiye kwafin abin da aka tattara, yadda jikan mai labari zai same shi ba sai ya je Dakar ko Faris ba. Suna kuma iya shirya zama a unguwa, ɗalibi ya karanta wa dattawa abin da ya rubuta daga bakinsu, su gyara masa inda ya kauce. Baƙon kirki yakan yi sallama sau biyu, ta shiga da ta fita, kuma gidan da aka yi wa ban kwana da godiya shi ne ke buɗe wa ɗalibin baɗi ƙofa.